Tsakanin rigar yaye da gwangwanin wake

Kowace shekara idan damina ta kankama, zangon karatu na uku ya doshi ƙarshe, sai katunan gayyata su fara yawo a gidajenmu. Bana guda biyu suka iso ni a cikin mako ɗaya, kuma dukkansu daga jikokina suka fito.

Ta farko kati ne mai ƙyalli, an buga shi da ruwan zinare, ana gayyatata bikin yaye jikana ɗan shekara biyar daga ajin nazare, wanda a zamaninmu muke kira rabin aji, a wata makarantar kuɗi. Katin bai zo shi kaɗai ba. Akwai wata takarda da aka aiko wa uban yaron, ɗauke da jerin abin da zai biya: hayar riga da hula irin ta masu digiri, anko, hoto, kek, rumfa da kujeru, mai kiɗa, da kyautar malamai. Da ya tattara lissafin ya nuna mini, sai na ga ya kusa kamo kuɗin makarantar na zango guda.

Ta biyu kuwa falle ɗaya ce da aka yago daga littafin rubutu. Jikanyata 'yar shekara bakwai, wadda ke aji biyu a wata firamaren gwamnati ta cikin unguwa, ita ta rubuta da fensir, baƙaƙen suna hawa da sauka kamar sawun kaza. Abin da ta rubuta shi ne in zo makarantarsu ranar Alhamis in ga wakenta. Da ta miƙo mini sai ta haɗa da gargaɗi irin na wasan jika da kaka: "Angona, in ba ka zo ba, to na fasa auren." Na ce mata ai ba a yi wa amarya gardama.

Na halarci duka biyun. Abin da na gani shi ne ya sa na ajiye batun da na shirya wa wannan mako, na ɗauko wannan.

Bikin farko ba sai na tsawaita ba, domin mafi yawan masu karatu sun san irinsa. An sa ƙarfe goma, aka fara bayan sha biyu. Mai makaranta ya yi jawabi, shugaban taro ya yi, babban baƙo ya yi, uwar taro ta yi. Yaran kuwa suna jere cikin baƙaƙen riguna, gumi yana tsiyaya, hula tana zamewa tana rufe musu ido, wasu har barci ya sace su a kan kujera. Can aka fito da su suka rero wata doguwar hadda cikin Turanci, iyaye suka tashi da tafi, aka yi liƙi, aka yanka kek, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. A hanyarmu ta komawa gida na tambayi jikana ma'anar abin da suka rera. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce Anti ba ta gaya musu ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ban ma ga laifin malamar sosai ba, domin abin da aka san iyaye suna tafa wa shi ta shirya. Amma na kwana da sanin cewa wannan biki na manya ne, yaran kawai an aro su ne domin ado.

Ranar Alhamis na tafi makarantar jikanyata. Ba rumfa, ba lasifika, ba babban baƙo. An fitar da 'yan tebura da tabarmi ƙarƙashin inuwar darbejiya a gaban ajin, an raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni yana tsaye a bayan aikinsa. Malamar ajin, mace mai matsakaicin shekaru, ta tarbe mu ta ce, "Baba, sannunku da zuwa. Yau ni ba zan yi magana ba. Ku zaga ku tambaye su, duk abin da kuka ga dama." Na ji wannan magana har cikin raina, domin malamin da bai amince da abin da ya shuka ba, ba ya sakin baƙo a gonarsa haka.

Na fara da rukunin kanti. Sun jera gwangwanayen madara da na tumatir waɗanda babu komai a ciki, da kwalayen ashana da na sabulu, kowanne an manna masa farashi. Kuɗinsu na takarda ne da suka yanka suka rubuta wa adadi da hannunsu. Wani yaro ya gyara tsayuwa ya ce mini, "Alhaji, me za a kawo?" Na sayi madara ta Naira 35 da sukari na Naira 20, na miƙa masa takardar Naira 100. Ya haɗa kuɗin kayan da baki ya ce 55. Sa'annan ya fara ƙirga canji a tafin hannuna kamar yadda 'yan tireda ke yi: ya ajiye biyar ya ce sittin, ya riƙa ajiye goma-goma har ya kai ɗari. Ya ce canjina Naira 45 ne. Na gwada shi na ce ya rage mini biyar. Ya sake ƙirgawa a gabana, ya ce, "Alhaji, kuɗinka sun cika." Uwar yaron tana gefe tana dariya, ta ce ai tun tsakiyar shekara ta daina tsoron aikensa shago.

Rukuni na biyu shi ya fi tsayar da ni. Tsinkayen kara ne aka yayyanka daidai da tsawon ɗan yatsa, an ɗaure wasu goma-goma da zare, wasu kuma a warwatse. Na rubuta wa wata yarinya 32 a cire 17. Ta ɗauko ƙulli uku da tsinke biyu ta ajiye. Ta dubi biyun ta ce ba za a iya cire bakwai daga cikinsu ba. Sai ta kwance ƙulli ɗaya ta zuba a kan biyun suka zama sha biyu, ta ɗebe bakwai, saura biyar. Daga ƙulli biyun da suka rage ta ɗauke ɗaya. Ta nuna mini ƙulli ɗaya da tsinke biyar, ta ce 15. Bayan haka ta ɗauki alli ta rubuta lissafin a ɗan allonta kamar yadda ake rubuta shi a littafi, ta soke ukun ta mayar da shi biyu, ta ɗora ɗaya a gefen biyun.

A nan na tuna da kaina. Mu an koya mana mu ce "a aro ɗaya." Na yi shekaru ina aron ɗayan nan ban san wurin wa nake aro ba, ban san ranar biya ba, ban kuma san dalilin da ya sa ɗaya idan ya ƙetaro yake zama goma ba. Na ci jarrabawa da shi, amma sai da na girma na fahimce shi. Wannan yarinya kuwa ta san cewa ɗayan nan ƙulli ne, kuma a cikin ƙulli akwai tsinke goma, domin da yatsunta ta ɗaure shi, da su ta kwance shi. Ranar da za a kai ta ga ɗaruruwa, abin da za a ƙara mata kawai shi ne a haɗa ƙulli goma a yi dami ɗaya. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, to ina ga wanda ya gani kuma ya taɓa?

A rukuni na uku baƙaƙe ne aka gina da yumɓu aka shanya suka bushe. Malamar ta gaya mini daga baya cewa ta fara wannan ne saboda yaran da ke rikita b da d, da waɗanda ba sa ganin amfanin lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da ya murza yumɓu ya lanƙwasa kan ƙ da hannunsa ba ya saurin mantawa da ita, musamman idan an nuna masa cewa ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Kusa da baƙaƙen akwai faranti cike da yashi inda ake rubutu da yatsa a shafe a sake, ba asarar takarda, ba tsoron jan biro. Akwai kuma gutsattsarin kwali da aka rubuta wa gaɓoɓi: ka, ra, ta, fa. Yaran suna jujjuya su suna fitar da kara, tara, fara, fata, kafa, tafa. Duk wanda ya haɗo sabuwar kalma sai ya yi tsalle kamar ya tsinci kuɗi.

Sai na iso wurin amaryata da wakenta. Kowane rukuni ya shuka wake a gwangwani uku. Na farko an ajiye shi a bakin taga ana ba shi ruwa. Na biyu ana ba shi ruwa amma an kife shi da kwali, ba ya ganin haske. Na uku yana bakin taga amma ba a taɓa ɗiga masa ruwa ba. Na bakin taga mai shan ruwa ya yi kore shar, ƙafarsa da ƙarfi, ya karkata wajen haske. Na cikin kwali ya yi tsawo zalaƙaƙa, siriri, ganyensa ya koɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa. Na uku kuwa ƙasa ce kawai. Kowane mako sukan karya tsinken tsintsiya daidai da tsawon shukar su manna a jikin kwali, ɗaya kusa da ɗaya, har tsinkayen suka jeru kamar matakala, kowa ya duba ya ga makon da waken ya fi yin sauri. Na tambaye ta me ya sa na cikin duhu ya fi tsawo alhali ya fi rauni. Ta yi shiru, ta ce, "Ina ga neman rana yake yi." Wannan amsa ba a allo ta kwafe ta ba, kuma masana tsirrai ba za su ce ta yi kuskure ba.

Da aka gama zagaye aka zauna. Iyaye mata sun kawo gyaɗa da dafaffiyar masara da zoɓo, kowa da abin da ya sawwaƙa. Sai malamar ta miƙe ta ɗauko rajista. Yara sun haura 80 a ajin. Ta kira sunan kowane ɗaya, ta faɗi abu guda da ya iya yanzu wanda bai iya ba a farkon shekara. Wannan ya iya rubuta sunansa da na mahaifinsa. Wannan ta iya karanta shafi guda ba tare da an taya ta ba. Wannan ya daina kuka idan an kira shi gaban allo. An ɗauki lokaci, amma ban ga wanda ya ƙosa ba. Da aka zo kan wani yaro wanda a unguwa aka riga aka yanke masa hukuncin daƙiƙanci, malamar ta ce duk ajin ba wanda ya kai shi iya awo da kamu da taki, kuma shi ne ya auna tsawon ajin da faɗinsa. Na ga mahaifiyarsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Wani zai ce wannan ai sabon salo ne na Turawa. Ni kuwa da na zauna na yi tunani sai na ga tsohon abinmu ne muka yar. A makarantar allo yaro shi ke wanke allonsa, ya shanya, ya ga yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya koyi fiƙe alƙalami. Baƙaƙen ma an raɗa musu sunaye na Hausa masu bayyana siffarsu domin su zauna a kan yaro. Biki kuma a can yana bin aiki ne: idan yaro ya kai wani mataki a karatu a yi sadaka, idan ya sauke a yi wa allonsa zayyana, ya zauna a gaban jama'a ya karanta da bakinsa kowa ya ji. Ba a taɓa yi wa wanda bai sauke ba walimar sauka don kawai shekara ta zagayo.

A waje da makaranta ma haka muka tashi. Yaron da ya ƙera mota da kara ko da gwangwani ya san cewa in ƙafafun ba su zo daidai ba, motar ba ta tafiya. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga ne, mai dara yana lissafin abin da zai biyo baya, masu tuwon ƙasa suna awo da rabo. A lokacin tashe yara su ke haɗa kayan wasansu, su raba wa juna matsayi, su raba abin da suka samu. Duk wannan ilimi yaro yakan zo da shi bakin ƙofar aji ɗaya, sai mu ce ya tuɓe shi tare da takalmansa, ya shiga ya naɗe hannu ya maimaita abin da malam ya faɗa.

Ita kanta makarantar boko ba haka ta faro ba a ƙasar nan. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Waɗanda suka yi firamare kafin shirin UPE na 1976 da 'yan shekarun bayansa za su tuna da darasin aikin hannu da lambun makaranta. Mun tufka igiya, mun saƙa faifai da mafici, mun gina tukwane. Za su kuma tuna yadda abin ya lalace: da farko aka fara karɓar tsintsiyar da aka sayo a kasuwa a ba ta maki, daga baya aka ce a kawo kuɗin tsintsiyar kawai, daga nan darasin ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki.

Abin mamaki shi ne, a takarda ba mu taɓa barin wannan hanya ba. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta tanadi cewa wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a matakin da ke gabanin firamare, a firamare kuma koyarwa ta kasance ta hanyar aikatawa da bincike da gwaji. Ta kuma ƙayyade malami ɗaya ga yara 35. Wannan malama da na ziyarta ba wata bidi'a ta ƙirƙiro ba. Abin da doka ta ce shi take yi, da yara fiye da ninki biyu na abin da dokar ta ɗora mata.

Akwai kuma wani suna da ke rataye a allunan makarantun kuɗi da yawa a garuruwanmu, wato Montessori. Mariya Montessori likita ce 'yar ƙasar Italiya. Makarantarta ta farko ta buɗe ta ne a 1907 a unguwar San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, domin 'ya'yan leburori da ake bari suna gararamba idan iyayensu sun tafi aiki. Ta yanka baƙaƙe da takarda mai kaushi domin yaro ya bi su da yatsa, ta tanadi duwatsun ƙirga da ake jerawa goma-goma, ta bar yara suna shara da wanke-wanke da zuba ruwa da kansu. Duk wanda ya san wannan tarihi ya dubi tsinkayen kara da baƙaƙen yumɓu na ƙarƙashin darbejiyar nan, ya san inda gadon matar ya sauka. Sau da yawa ba ya sauka a inda aka rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ake kuma ɗora wa ɗan shekara uku jakar littattafai da aikin gida.

Me ya sa na damu da wannan har na cika shafi? Domin abin da ke cikin haɗari ya wuce kuɗin anko. A wani rahoto na 2022, Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara goma. Ba sai mun je Bankin Duniya ba ma. Kowa ya san ɗan aji shida a unguwarsu wanda ba ya iya karanta wasiƙa, alhali kullum yana zuwa makaranta, littattafansa cike da rubutun da ya kwafa daga allo. Wannan ɓarna a aji ɗaya da biyu da uku take faruwa. Yaron da ya wuce waɗannan azuzuwa bai kama gaɓa ba, bai gane ƙullin goma ba, duk abin da za a ɗora masa daga baya gini ne a kan rairayi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Biki kuma ba ƙaramin darasi ba ne. Yaro yana lura da abin da manya suka taru suka tafa wa. In ya ga an tafa wa riga, ya koyi cewa riga ce abin nema. In ya ga wanda ubansa ya fi liƙi shi aka fi ɗauka a hoto, ya koyi wannan ma. Ɗan da iyayensa suka kasa biyan kuɗin biki aka bar shi a gida ranar, shi ma ya koyi nasa darasin, kuma mai ɗaci ne. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Gwamnatin Jihar Imo ta hana bukukuwan yaye 'yan nazare a watan Agustan 2025, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Sai dai hani kaɗai ba ya wadatarwa. Yara suna son biki, kuma sun cancance shi. Abin da ya kamata shi ne a sauya abin da ake yi wa bikin.

Ba zan ɓoye wahalar abin ba. Na zauna da malamar bayan an watse, ta ba ni labari. Ajin ba shi da ƙofa mai kulluwa, don haka kayan a buhu take tattarawa ta kai ofishin shugaban makaranta kullum. Waken farko da suka shuka awaki ne suka shigo suka cinye, sai da aka sake. Ba kowace rana ake aikin hannu ba, sau biyu ne a mako, kuma ta raba yaran goma-goma, kowane rukuni da shugabansa, in ba haka ba ajin ya zama kasuwa. Wasu iyaye sun zo da ƙorafi cewa 'ya'yansu suna komawa gida da laka a jikin yunifom ga tsadar sabulu, wani uba ma ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, wasa akwai shi a gida. Ga jadawalin manhaja da dole ta gama kafin jarrabawa. Na tambaye ta nawa ta kashe. Ta ce zare da gam kawai ta saya, sauran duka yaran ne suka tsinto: murafen kwalba, ƙwallayen dabino, 'ya'yan tsamiya, kwali, gwangwani. Abin da ya fi ci mata shi ne lokaci da haƙuri, waɗanda ba a biyan su a albashi.

Dole kuma in yi gargaɗi, domin kowane abin kirki yana da jabunsa. Na taɓa ganin baje kolin da malamai suka kwana suna ƙera kayan da kansu, ko iyaye suka biya kafinta ya yi, aka tsayar da yaro a gefe kamar mai gadi. Wannan tsintsiyar kasuwa ce ta dawo da sabuwar riga. Akwai kuma aikin da hannu ke motsi amma kai yana hutu, a yini ana shafa fenti ba a san abin da ake nema ba. Abin da ya bambanta wannan aji shi ne kowane aiki yana ƙarewa a kan allo da littafi. Yarinyar da ta kwance ƙulli ta koma ta rubuta lissafin da lambobi. Masu wake sun rubuta abin da suka gani da jimlolinsu. Ban kuma ce a watsar da hadda da maimaici ba. Jadawalin sau dole a haddace shi, karatu dole a yi ta bita, kamar yadda muka yi da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Amma haddar da ta biyo bayan fahimta ita ke zama, wadda ta riga ta kuwa da an gama jarrabawa take tashi.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori huɗu. Masu makarantun kuɗi, ku gwada ko sau ɗaya ku mayar da bikin ƙarshen shekara na ƙananan azuzuwa ranar nuna aiki, ba tare da karɓar ko kwabo ba, ku bar iyaye su yi wa yara tambaya. Makarantar da ke koyarwa da gaske ba ta da tallan da ya fi wannan. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da na ƙananan hukumomi, ku daina tura malamin da aka raina zuwa aji ɗaya, can ne ake bukatar gwani. Jami'an sa ido idan sun shiga aji, kada su tsaya ga duba littafin shirin darasi, su ɗauki yaro ɗaya daga layin baya su ba shi tsinke da alli. Akwati mai kwaɗo da ƙofa mai kulluwa ba su fi ƙarfin kowace hukuma ba. Kwalejojin ilimi, kada ɗalibi ya karɓi takardar NCE bai taɓa haɗa kayan koyarwa da abin da ke cikin shara ba, bai kuma gwada su a aji mai cunkoso ba.

Mu kuma iyaye da kakanni, namu ya fi sauƙi kuma ya fi nauyi. Mu daina auna makaranta da yawan aikin gida da kyan hoton biki. Idan yaro ya dawo, maimakon mu tsaya ga tambayar na nawa ya zo, mu ce ya nuna mana abin da ya iya. Uwa mai auna shinkafa ta bar shi ya ƙirga gwangwani nawa ke cika mudu. Uba mai zuwa kasuwa ya bar shi ya karɓi canji ya tabbatar. Ranar 27 ga Mayu da ake bikin yara, da ranar 1 ga Oktoba, ba dole ne su ƙare a fareti cikin rana ba. Ana iya ware wa ƙananan azuzuwa awa biyu a inuwa su nuna abin da hannunsu ya yi.

Hoton jikana da rigar yaye yana nan an rataye a falo, kuma ina son sa, domin jikana ne. Na dai yi wa uban magana cewa hutun nan a turo mini shi, akwai kara da zare a gidana. Ita kuwa amaryata ta taho da gwangwaninta gida, muka fasa shi muka dasa waken a bayan ɗaki kusa da magudanar ruwa, muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe kafin ta gaishe ni sai ta fara zuwa ta duba shi da tsinkenta a hannu. Shekaranjiya ta shigo da gudu ta ce ya fara fure, ta kuma tambaye ni yadda fure ke zama wake. Na ce mata mu zuba ido tare mu gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.